Wa zai yi jinyar mai jinya?



Kwanakin baya wata baiwar Allah da na saba gani ta shigo kantin maganin da nake aiki, riƙe da takardar likita. Takardar ta mahaifiyarta ce, wadda ke fama da ciwon dajin mama wata bakwai ke nan. Tun da aka fara wannan jinya ita ke zuwa karɓar magani, ita ke kai tsohuwar asibiti, ita ke kwana a ɗakinta. Ranar ina cikin haɗa mata magungunan sai na ga ta dafe goshi, ta nemi benci ta zauna.

Na ce, "Yaya, lafiya kuwa?" Ta ce ciwon kai ne kawai, in saka mata Panadol a cikin ledar. Na roƙe ta ta bari in auna jininta tukuna. Na'ura ta nuna 170 bisa 105. Da na bincika sai na gano tana da hawan jini tun haihuwarta ta ƙarshe, kuma maganinta ya ƙare tun kafin Babbar Sallah. Na tambaye ta abin da ya hana ta sayen wani. Ta yi murmushi ta ce, "Ƙanwata, Inna ce ba ta da lafiya. Ni ai ƙalau nake."

Irin wannan mata nake son mu yi magana a kanta yau. Kusan duk gidan da ciwon daji ya shiga akwai ta, kuma da wuya ka ji wani ya tambaye ta ya jikinta.

Ƙiyasin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar na shekarar 2022 ya nuna an samu sabbin masu cutar sama da 127,000 a Najeriya a wannan shekara kaɗai, kuma kusan mutum 80,000 ne suka rasu. Ciwon dajin mama ne kan gaba, sai na furostet da ake yawan kira kansar mafitsarar maza, sai na bakin mahaifa. Babu mai jinya ko ɗaya a cikin wannan lissafi, alhali kowane majinyaci yana da wani a gefensa. Duk wanda ya taɓa kwantar da ɗan'uwa a asibitocin ƙasar nan ya san aikin: kai ne mai biyan kuɗi a taga, kai ne mai sayo magani da safar hannu, kai ne mai neman wanda zai ba da jini, kai ne mai wanki da wanka da juya mara lafiya. Idan ciwon maleriya ne ko haihuwa, kwana uku ko mako guda an sallame ku. Ciwon daji kuwa watanni yake ɗauka, wani lokaci shekaru.

A nan Sabon Ibadan abin yana da wani salo na daban. Tun 1916 aka kafa unguwar, kuma fataucin goro da shanu ne ya raya ta. Tsarin da ta ginu a kai shi ne na mai gida da baƙo: falke ya zo daga Arewa, mai gida ya ba shi masauki da abinci, ya tsaya masa har ya gama cinikinsa ya koma. Wani masanin zamantakewar al'umma, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi sukutum a kan wannan zama, aka buga shi a 1969. Wannan ɗabi'a ta sauke baƙo tana nan har yau, sai dai yanzu wasu baƙin jinya ce ke kawo su. Daga Sabo, in ka bi ta shataletalen Mokola ka hau titin Queen Elizabeth, ga asibitin koyarwa na UCH nan, wanda aka buɗe tun 1957. Saboda haka ɗan'uwa daga Sasa ko Ogbomosho, ko ma daga Katsina ko Sakkwato, da aka turo shi yin gashi, a gidan dangi a Sabo yake sauka. Gashi kuwa kullum ake zuwa, Litinin zuwa Juma'a, sau da yawa har mako biyar ko shida.

Mai gida ya ce a zo, kuma ya kyauta, Allah Ya ba shi lada. Amma wa ke dama kunun asuba? Wa ke wanke zanin gado? Wa ke raka mara lafiya ta yi masa tafinta, tunda baƙon ba ya jin Yarbanci ko Turanci? Matar gida ce, ko budurwar gidan da aka ce ta ɗan dakata da makaranta "har Allah Ya kawo sauƙi". Na san yarinyar da ta rasa zango biyu a ajin ƙarshe na sakandare ta haka. Babu wanda ya yi nufin cutar da ita, an dai duba gidan aka ga ita ce ba ta da miji ba ta da shago.

Bari in fara da abin da nake gani da idona a bakin aiki, wato abin da masu jinya ke sha don su iya tsayawa da ƙafafunsu.

Na farko maganin ciwon jiki. Ɗaga babban mutum daga katifa sau biyar ko shida a rana yana karya baya. Sai ka ga mai jinya tana shan diklofenak da safe, ibuprofen da rana, da dare kuma ta ƙara da haɗin maganin gajiya na mai tallan magani a tire, wanda ita kanta ba ta san abin da ke ciki ba. Waɗannan magunguna dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illarsu yake ninkawa: gyambon ciki, zubar jini a hanji, hauhawar jini, da lahani ga ƙoda. Mai hawan jini ko olsa ya kamata ya nisance su sai da izinin likita. Farasitamol ya fi sauƙin illa, amma shi ma yana da iyaka. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a cikin awa 24, kuma a tuna yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi a ciki. Maganin bayan dai na gaskiya shi ne a daina ɗaga mara lafiya mutum ɗaya. A shimfiɗa zani mai ƙwari a ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama gefe da gefe, a durƙusa da gwiwa maimakon a sunkuya da baya. Wanda ba ya iya motsi ana so a juya shi duk bayan kamar awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin ya fi ƙarfin mutum guda.

Na biyu maganin barci. Akwai masu zuwa su ce in taimaka musu da Valium ko Lexotan, ba su da takardar likita, amma idonsu ya isa shaida cewa sun daɗe ba su runtsa ba. Ba na bayarwa, kuma ba rashin tausayi ba ne. Cikin 'yan makonni jiki ke sabawa da su, barinsu ya zama wani ciwon. Ga shi kuma wadda ta sha ita ce za a tasa da ƙarfe biyun dare ta auna wa mara lafiya magani. Su kuma maza matasa sun fi karkata ga taramol da lemon ƙara kuzari, don su kwana a asibiti su wayi gari a kasuwa. Goro ma, duk da na san a Sabo nake wannan magana, sinadarin da ke hana barci a kofi shi ne a cikinsa. Wanda ya ci goro bayan Isha'i sannan ya zo yana neman maganin barci, to ya fara ajiye goron daga La'asar ya gani.

Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina wannan aiki shi ne, rashin barcin mai jinya yawanci daga raɗaɗin mara lafiya yake farawa. Uwa na nishi, ɗiya ba za ta iya runtsawa ba. Abin takaicin kuma, mafi yawan raɗaɗin ciwon daji ana iya shawo kansa. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai sauƙi: a ba da maganin ta baki, a kan lokaci ba sai ciwo ya taso ba, kuma a hau daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi gwargwadon buƙata. A ƙololuwar wannan tsari akwai mofin na ruwa, wanda masu harhaɗa magunguna ke haɗawa a manyan asibitocin koyarwa, kuma ba ya cikin magunguna masu tsada.

Sai dai da zarar an ambaci mofin sai dangi su tsorata. Wani ya ce ƙwaya ce, za ta mai da Baba ɗan maye. Wani ya ce ai sai an fid da rai ake bayarwa. Na sha ganin kwalba ta dawo gida an ɓoye ta a ƙasan akwati, mara lafiya na kuka, mai jinya na kuka. Gaskiyar magana, idan likita ne ya tsara adadin kuma ana bibiya, da wuya mai raɗaɗin ciwon daji ya kamu da jarabarsa, kuma ba ya gaggauta ajali. Akwai waɗanda ke shan sa wata da watanni suna zaune cikin iyalinsu suna Sallah suna hira. Yawanci duk awa huɗu ake bayarwa, da sirinji ake aunawa ba da cokalin shayi ba. Kwanakin farko yakan kawo gyangyaɗi da tashin zuciya, su kan lafa. Abin da ba ya lafawa shi ne taurin bayan gida, don haka a tabbata an haɗo da maganin sassauta ciki tun ranar farko. A kulle kwalbar inda yara da matasan gida ba za su kai ba, kada a sammi maƙwabci ko da ciwon haƙori ya hana shi sakat, kuma abin da ya rage a mai da shi asibiti.

A UCH akwai sashe na musamman na kula da masu doguwar jinya da rage musu raɗaɗi, wanda aka buɗe a 2007, kuma Farfesa Olaitan Soyannwo na cikin waɗanda suka yi tsayin daka har ya samu. Sashen ya yi suna da bin marasa lafiya har gida. Mutanenmu da yawa ba su san da shi ba, waɗanda suka sani kuma suna ɗauka wurin jiran mutuwa ne. Ana iya zuwa can alhali ana ci gaba da allurar kemo ko gashi. Aikinsu ya haɗa da koya wa dangi yadda ake wanke gyambo, da ciyarwa, da juya majinyaci, da kuma sauraron shi kansa mai jinyar. Ku tambayi likitanku ya tura ku.

Akwai wasu abubuwa da sanin su ke rage wa mai jinya fargaba. Bayan allurar kemo garkuwar jiki na faɗuwa, musamman tsakanin kwana bakwai zuwa goma sha huɗu. A wannan lokaci in zafin jiki ya kai 38, asibiti za a tafi nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ce maleriya ce a aika yaro kemis, kada a danne zazzaɓin da Panadol a jira gari ya waye. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, kowane gidan jinya ya kamata ya mallaki ɗaya. Haka nan akalla kwana biyu bayan allurar, maganin na fita ta fitsari da amai da bayan gida, saboda haka a sa safar hannu wajen kwashewa, a wanke tufafin da suka ɓaci daban. Mai juna biyu da mai shayarwa a ɗauke musu wannan ɓangaren aikin. Ƙwayoyin maganin kansa da ake sha a gida kuma ba a daka su ba a ɓare su. Amma ciwon daji kansa ba a ɗaukarsa. Ba dalilin ware wa Inna kwano da kofi, ko hana jikokinta shiga ɗakinta.

Sai maganar da ake jin kunyar yi, wato wari. Gyambon ciwon daji da ya fashe yana wari, kuma wannan wari ne ke korar 'yan dubiya, ya bar mai jinya ita kaɗai a ɗaki, har abinci ya daina shiga mata. Turaren wuta ba ya kashe shi. Ma'aikatan jinya suna da dabarar barbaɗa garin Flagyl a kan gyambon bayan an wanke, kuma cikin kwanaki warin ke raguwa sosai. A je a nuna musu su koyar, kada a yi gaban kai.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu dangi da maƙwabta. Mu mutane ne masu dubiya, kuma abin alfahari ne. Amma mu dubi yadda muke yin ta. A shigo mutum takwas bayan La'asar, a cika ɗaki, mai jinyar da ta samu mara lafiya ya yi barci da ƙyar ta tashi ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta maimaita labarin ciwon daga farko karo na goma a ranar. Kowa kuma da maganin da ya zo da shi. Wannan ta ce a jiƙa saiwar kaza, waccan ta ce akwai mai magani a wani ƙauye da ya warkar da ƙanwar kishiyar yayarta. In mai jinya ta ƙi, a fita ana cewa ta cika bin Turawa. In ta karɓa ciwo ya tsananta, a ce sakacinta ne. Addu'a dai ba ta karo da kowane magani, a yawaita ta. Amma duk abin da za a sha ko a shafa, a kawo wa likita ko mai harhaɗa magunguna ya gani tukuna, domin hanta da ƙodar mai shan maganin kansa sun riga sun ɗauki kaya. Na ga gyambon mama da aka liƙa wa wani haɗi mai cin fata, abin da ba na fatan sake gani.

Dubiyar da ke da amfani ita ce wadda za ki shigo da tuwo da miya a kula, ki ce, "Yaya, je ki ɗakina ki kwanta, ina nan har Magariba." Ko ki kwashe wankin. Ko ki ɗauki nauyin kai yaranta Islamiyya. Kada ki ce mata in tana buƙatar wani abu ta faɗa, kunya ba za ta bari ta faɗa ba. Ki zaɓi aiki ɗaya ki riƙe shi duk mako.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya san wannan, amma sai an zauna an raba aikin da suna da rana yake tabbata. A samu babba a gidan ya tara 'ya'ya da ƙanne, a rubuta wa ke kwanan Litinin, wa ke na Juma'a, wa ke rakiya asibiti, a manna a bango. A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta a riƙa rubuta kowane magani da lokacin da aka ba da shi, don wanda ya karɓi aiki kada sai ya tashi wadda ta kwanta. A buɗe zauren WhatsApp na dangi inda mutum ɗaya zai riƙa ba da labari sau ɗaya a rana, wayar mai jinya ta huta.

Maza kuma ina da magana da ku. Turo kuɗi daga Legas ko Kano ko Saudiyya taimako ne babba, amma bai sauke muku sauran ba. Bin layi a asibiti, neman jini, ɗaukar mara lafiya zuwa mota, kwana ɗaya a mako, duk namiji zai iya. Idan mahaifi ne ke kwance da robar fitsari, ɗansa namiji ya fi dacewa ya koyi kula da ita, maimakon a bar wa tsohuwar matarsa da ita ma gwiwa ta hana ta sakat. Sannan in ana lissafin kuɗin jinya, a sa mai jinyar a ciki. Wadda ta rufe ɗinkinta ko ta daina tuyar ƙosai don ta zauna da mahaifiyarku, wa ke zuba mata adashi? Wa ke saya mata nata maganin?

Game da kuɗin asibiti, tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusun tallafa wa marasa galihu masu ciwon dajin mama, bakin mahaifa da furostet, kuma UCH da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna cikin asibitoci shida da aka fara da su. Ana cike takardu ana tantancewa, don haka a nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin da wuri. Wannan zirga-zirga a ɗora wa wani mai ilimi a dangi. Masu fitar da zakka a unguwa su ma su tuna da irin waɗannan gidaje, waɗanda yawanci ba za su taɓa fitowa su roƙa ba.

Akwai kuma abin da ba a gani a na'urar awon jini. Wata ta taɓa raɗa mini cewa ranar da mijinta ya amayar da kunun da ta dama sau uku ta daka masa tsawa, kuma tun ranar take ganin Allah ba zai yafe mata ba. Wata ta ce akwai daren da zuciyarta ta raya mata da ma a huta, sai ta tashi tana istigfari har asuba. Duk wanda ya yi doguwar jinya ya san waɗannan tunane-tunane. Gajiya ce ke kawo su, ba su nuna ƙarancin imani ko ƙarancin ƙauna. Mu kuma da zarar ta buɗe baki sai mu toshe ta da "ki yi haƙuri, lada kike samu". Ladan tana samu in sha Allahu, amma a bar ta ta gama maganarta. Idan kuwa baƙin ciki ya zarce mako biyu, ba ta jin daɗin komai, ba ci ba barci, kuka ba dalili, ko ta fara cewa gara ita ma ta mutu, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma likita za a kai ta ba tare da jinkiri ba.

Ita waccan baiwar Allah da na fara da labarinta, ranar ban bar ta ta tafi haka ba. Na sa ta ga likita a ranar, aka mai da ta kan maganinta. Na kuma nemi ta ba ni lambar yayansu namiji, ta yi ta nuƙu-nuƙu kafin ta yarda. Da na kira shi na faɗa masa abin da na'ura ta nuna, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce wallahi bai taɓa sanin tana da hawan jini ba. Yanzu shi ke kwanan Juma'a da Asabar, wata ƙanwarsu ta zo daga Zariya za ta yi wata guda. An fara ba Inna mofin, tana samun barci. Da ta dawo makon jiya jininta ya sauko zuwa 140 bisa 90, da sauran aiki amma an kama hanya. Takarda biyu ta miƙo mini wannan karon, ta ce in sa nata a leda daban don kada su cakuɗe da na Inna.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba abincin da ya dace da mai karɓar allurar kemo, musamman lokacin da baki ya yi gyambo kuma komai ya daina yi masa daɗi.